Littafin aikin gasa kilafutin ceri, daga Yuni zuwa Yuli

2 ga Yuni

Ceri, ƙaramin ɗan itacen nan ja mai ƙwallo ɗaya a ciki, ya fara shigowa, kuma tun da kwanakinsa ba su da yawa, na yanke shawarar cewa bana zan tsaya a kan abin zaƙi guda ɗaya, in yi ta maimaita shi har sai na laƙance shi, maimakon in riƙa tsalle daga wannan girki zuwa wancan kamar yadda na yi bara. Abin da na zaɓa shi ne wanda Faransawa ke rubutawa clafoutis, ana furta shi kilafuti, kuma haka zan riƙa kiransa a nan. Asalinsa daga yankin Limousin ne da ke tsakiyar Faransa, sunan kuwa ya samo tushe daga kalmar clafir ta harshen Oksitan na kudancin Faransa, wadda ke nufin cikawa, domin ana cika kwano ne da ceri sannan a malale shi da ƙullu mai ruwa-ruwa na ƙwai da madara da fulawa da sukari, a sa a tanderu. Ba a murzawa, ba a jiran tashi, ba a yi masa wani ado.

Ma'aunin da zan fara da shi ke nan: ceri giram 500, ƙwai 3, fulawa giram 80, sukari giram 100, madara mililita 250, narkakkiyar bota giram 30, da ɗan gishiri. Kwanon na tangaran ne mai faɗin santimita 24, zafin tanderu digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, lokaci kuma minti 35. Na ɗaukar wa kaina ƙa'ida ɗaya, wato a kowane gashi abu guda kawai zan sauya, domin idan na sauya biyu a lokaci ɗaya ba zan san wanda ya gyara ko ya ɓata ba.

4 ga Yuni

Gashi na farko bai yi ba. Na yi amfani da baƙin ceri mai zaƙi irin wanda ake kira Bing, na tsaga kowane ɗaya gida biyu da wuƙa na cire ƙwallon, na zuba a kwano, na bi da ƙullu. A cikin tanderu ya yi kyau ƙwarai, gefensa ya kumbura ya haura bakin kwano har na fara murna, amma da na fito da shi sai ya sace cikin minti biyar. Sacewar ba ita ce matsalar ba, domin tururi ne ke ɗaga shi, idan ya huce dole ya koma. Matsalar ta bayyana ne da na sa cokali: gefen ya yi duhu ya yi tauri, tsakiyar kuwa ruwa ne tsululu, jan ruwan ceri ya kwanta a ƙasan kwano ya rine ƙullun ya koma ruwan hoda mai ɗan datti.

Da na zauna na yi tunani sai na ga laifin na wuƙa ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin ceri ruwa ne, fatarsa kuma ita ce ke riƙe da wannan ruwa. Ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya na farke fatar, na buɗe tsokar, sannan na nutsa su cikin ƙullu mai sukari wanda ke zuƙo ruwa daga duk abin da ya taɓa. Ashe madarar da na auna da kyau ba ita kaɗai ce ruwan da ke cikin kwanon ba.

5 ga Yuni

Na ci ragowar da sanyi daga firiji. Ɗanɗanon ba laifi, sai dai zaƙin ya yi yawa, kuma gefen ya yi kama da roba. Zan rage sukari nan gaba, amma ba yanzu ba.

8 ga Yuni

Yau na bi hanyar mutanen Limousin, na bar ƙwallon a ciki. Na wanke cerin, na tsane shi da tsumma mai tsabta, na cire tsinken da ke kansa kawai, na jera shi lafiyayye. Bambancin ya fito fili tun kafin a yanka. Ƙullun ya kama ya tsaya da launinsa na ruwan ƙwai, kowane ceri yana zaune a gurbinsa ya ɗan yamutse amma bai fashe ba, ƙasan kwano kuma babu jan ruwa ko kaɗan. Gefen dai har yanzu ya fi tsakiya dahuwa nesa ba kusa ba, kuma wannan ya fara ba ni shakka game da tanderun kansa.

Masu barin ƙwallo suna da hujja biyu. Ta farko ita ce wadda na gani da idona, wato ruwan ba ya tsiyaya. Ta biyu ita ce ƙamshi, domin ƙwayar da ke cikin ƙwallon tana ɗauke da wani sinadari mai suna amigdalin, wanda idan ya narke yakan ba da ƙamshi irin na almon, wata ƙwayar itace da ake ci kamar gyaɗa. Na shinshina, na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa, kuma gaskiya abin da na ji ɗan kaɗan ne, wanda da ban san ana maganarsa ba da ban lura da shi ba. Wannan sinadarin ne kuma ke sakin gubar sayanayid idan aka farfasa ƙwayar aka tauna, shi ya sa ba a wasa da fasa ƙwallon, ko da yake haɗiye shi yadda yake ba ya sakin gubar.

Abin da ya raba ni da wannan hanya a wurin ci ya faru. Na gaya wa kowa cewa akwai ƙwallo, amma ƙanwata ta shagala da hira ta gartsa wa ɗaya haƙori, har muka ji ƙarar daga inda muke zaune. Ta dafe kunci ta yi shiru na ɗan lokaci, haƙorin bai karye ba, amma ba ta ƙara kai cokali ba. Ga kuma yara, waɗanda ƙwallon zai iya maƙale musu a maƙogwaro, sai da na bi nasu kason na tsince tas kafin in ba su, abin ya dagargaje ya daina sha'awa. Saboda haka dole a cire ƙwallo, amma ta hanyar da ba za ta farke cerin ba.

11 ga Yuni

Na gwada dabarar kwalba. Ana ɗora ceri a bakin kwalba mai ƙaramin baki, wajen tsinken yana kallon sama, sai a soka siririn bututun ƙarfe irin wanda ake shan lemo da shi daga sama a danna, ƙwallon ya faɗa cikin kwalba, cerin ya rage da 'yar ƙofa sama da ƙasa. Goma na farko sun wahalar da ni, wasu suka tsage, ɗaya ya kuɓuce ya fesa mini ruwa a gaban riga, amma daga nan hannu ya saba. Giram 500 ya ɗauke ni minti 18, kuma da na sake aunawa bayan cire ƙwallo da tsinke sai na tarar saura giram 450, wato kusan kashi ɗaya cikin goma ya tafi a shara. Wannan lissafi yana da amfani, domin yawancin ma'aunan da ake bayarwa ba sa faɗin ko kafin cirewa ne ko bayanta.

Gashi na uku ya fi na farko nesa, amma bai kai na biyu tsayuwa ba. Akwai jan zobe siriri kewaye da kowane ceri, ƙasan kuma da ɗan danshi. Gefen ya sake ƙonewa.

13 ga Yuni

Yau na yi wauta, kuma zan rubuta ta dalla-dalla don kada in sake. Na ga kamar ƙullun ya cika nauyi, sai na ce bari in sa masa abin da zai ɗaga shi. Bekin foda ta ƙare, sai na ɗauko bekin soda na zuba rabin ƙaramin cokali, ina ganin ai duk tafiyarsu ɗaya. Da ya fito, zoben da ke kewaye da kowane ceri ba ja ba ne, toka-toka ne mai sirkin shuɗi da kore, kamar abin da ya kwana uku a waje. Ɗanɗanon kuma akwai ɗan bauri irin na sabulu a ƙarshen harshe.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya yi tunani kafin ya zuba. Launin ceri yana zuwa ne daga sinadaran antosayanin, waɗanda suke ja idan suna cikin tsami, amma idan suka haɗu da abin da ke kashe tsami sai su juya zuwa shuɗi ko toka. Bekin soda kuwa aikinta ke nan, kuma a ƙulluna babu wani abu mai tsami da zai cinye ta, domin madarar sabuwa ce. Ban da wannan ma, kilafuti ba kek ba ne, bai kamata ya yi soso ba. Abin da ake nema shi ne laushi mai santsi wanda ƙwai ya kama, kuma maganin nauyin da na ji shi ne rage fulawa. Babu wanda ya yarda ya ci, ƙwai uku da rabin kilo na ceri suka tafi a banza.

16 ga Yuni

Na samo ma'aunin zafi na cikin tanderu, na rataye shi a tsakiya, na murɗa maɓalli zuwa 180, na jira minti 20. Allurar ta tsaya a 200. Na sake gwadawa a 160, ta nuna 180. Ashe tun farkon wata ina gashi da ƙarin digiri 20 ban sani ba, kuma wannan ya warware maganar gefe mai kama da roba. Farin ƙwai yana fara kamewa tun a wajen digiri 62, gwaiduwa kuma ta biyo baya kaɗan, amma idan aka gauraya su da madara da sukari sai kamewar ta ja zuwa wajen digiri 80. Idan zafi ya wuce haka da yawa, ƙwan yakan takure ya matse ruwan da ya riƙe, shi ya sa gefen ke tauri tun kafin zafi ya isa tsakiya. Na manna 'yar takarda a jikin tanderun na rubuta cewa a rage 20.

17 ga Yuni

Gashi na biyar, da zafin gaskiya na 180 da minti 40. Gefen ya yi launin zuma, ya yi laushi, tsakiya ta kama. Danshin ƙasa ne kawai ya rage.

21 ga Yuni

Na karya ƙa'idata yau na sauya abu biyu, domin duk biyun ruwa suke yaƙa. Na farko, bayan na cire ƙwallo sai na barbaɗa wa cerin sukari giram 25 daga cikin na ma'auni, na juya, na ajiye shi a rariya a kan kwano tsawon minti 30. Tun da sukari zai zuƙo ruwan ko ana so ko ba a so, gara ya zuƙo shi a waje inda zan iya tare shi. Abin da ya tsiyaya ya kai babban cokali huɗu, ja wur. Ban zubar ba, na ɗora shi a ƙaramar wuta da 'yan ɗigon ruwan lemon tsami har ya yi kauri, na ajiye don zubawa a kai lokacin ci.

Na biyu, na fara zuba ƙullu kaɗan a ƙasan kwano, kaurinsa bai wuce rabin santimita ba, na sa a tanderu minti biyar har ya kama, sannan na fito da shi na jera ceri a kai na zuba ragowar. Wannan shimfiɗa ta hana cerin taɓa ƙasan kwano, kuma ta tare duk ɗan ruwan da ya sake fitowa. Da na yanka, yankan ya ɗago gaba ɗayansa a kan cokali mai faɗi ba tare da ya karye ba, ƙasansa a bushe, gefen yankan yana sheƙi, ana ganin ceri a jere kamar an dasa su. Wannan ne karo na farko da aka cinye kwanon a zama ɗaya. Ban san wanne daga cikin dabarun biyu ya fi yin aiki ba, kuma ba ni da niyyar ɓata wani rabin kilo don in gano.

24 ga Yuni

Na koma kan ƙullu. Na rage fulawa zuwa giram 60, kuma na sauya yadda nake haɗawa, domin a baya nakan zuba komai lokaci ɗaya in yi ta bugu da maburgi don in kashe gudaji, yawan bugun kuma yana tayar da danƙon fulawa. Yanzu nakan tankaɗe fulawa da gishiri, in fasa ƙwai a tsakiya in juya a hankali har ya zama kauri marar gudaji, sannan in riƙa tsiyaya madara kaɗan-kaɗan. Na bar ƙullun ya huta awa ɗaya a firiji kafin gashi, don fulawar ta sha ruwa sosai kumfar kuma ta kwanta. Sakamakon ya fi santsi, babu wannan ɗanɗano na ɗanyar fulawa da nake ji a bayan harshe.

28 ga Yuni

Na sami ceri mai tsami irin Montmorency, wanda sunansa ya fito daga wani gari da ke arewacin Paris. Jinsinsa daban ne da na mai zaƙi, ƙanana ne, ja mai haske, tsokarsu taushi gare ta ƙwarai, har ƙwallon yana fita da ɗan dannawa kaɗan. Ruwansu ya fi yawa, abin da ya tsiyaya a rariya ya kusan ninka na Bing. A wajen ɗanɗano sun fi burge ni, domin tsaminsu yana yanke maiƙon ƙwai da bota, amma sai da na mayar da duk ruwan da na dafa a kai kafin yara su yarda su ci.

Kuskuren yau na kwano ne. Na tangaran yana cikin wanki, sai na ɗauki kaskon baƙin ƙarfe wanda bai daɗe da fara aiki ba, man da ke rufe fuskarsa bai yi kauri ba. Gashin kansa ya yi kyau, gefen ma ya fi ƙamshi, amma na bar ragowar a cikin kaskon har dare, tsamin ceri ya ci ƙarfen, wajen da suka haɗu ya yi baƙi, ɗanɗanon kuma ya koma kamar an lashi tsabar ƙarfe. Duk wanda zai yi amfani da irin wannan kasko sai ya juye abin a faranti da zarar ya huce.

2 ga Yuli

Lissafin wata guda: gashi takwas, ƙwai 24, ceri kilo huɗu ban da wanda aka ci ɗanye ana aiki, madara lita biyu, bota giram 240 ban da ta shafa kwano. Daga cikin takwas ɗin, ɗaya an zubar gaba ɗaya, biyu an ci rabi an bar rabi. Ceri shi ne ya fi cin kuɗi da tazara mai yawa, sauran kayan duk na ɗakin girki ne na yau da kullum. Abin da na saya sabo ma'aunin zafi ne kawai, kuma da shi na fara saya da gashi huɗun farko ba su ƙone a gefe ba.

6 ga Yuli

Babu gashi. Na sayi kilo guda kwana uku da suka wuce, na wanke shi duka tun a ranar don in rage wa kaina aiki, na zuba a roba mai murfi na sa a firiji. Yau na buɗe na tarar farar funfuna ta kama fiye da rabi, waɗanda suka tsira kuma sun yi laushi. Danshin da ya maƙale a ramin tsinke shi ne ya jawo haka. Ceri ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi daga bishiya, lalacewa kawai yake yi, saboda haka ajiyarsa ita ce a sa shi a sanyi a bushe da tsinkensa, ba tare da an toshe shi ba, a wanke sai lokacin da za a yi aiki da shi.

10 ga Yuli

Gashi na tara, wanda nake ganin a nan zan tsaya. Ceri giram 500 kafin cire ƙwallo, an jiƙa shi da sukari giram 25 na minti 30 an tsane. Ƙullu kuma ƙwai 3, fulawa giram 60, sukari giram 50, madara mililita 200, kirim mililita 50, narkakkiyar bota giram 25, gishiri kaɗan, da ɗigo uku na ruwan ƙamshin almon don ya maye gurbin abin da ƙwallon zai bayar. Ɗigo ukun nan sun fi ƙwallaye ɗari ƙamshi, kuma kada a wuce haka domin yana da ƙarfi. Hutun ƙullu awa ɗaya, shimfiɗar ƙasa minti biyar, gashi minti 38 a digiri 180. Na shafa wa kwanon bota na barbaɗa sukari a jikinta, wanda ya ba gefen ɗan ƙanƙanin ɓawo mai daɗin tauna.

Alamar dahuwa ita ce idan aka girgiza kwano gefen ya tsaya cak, tsakiyar kuma ta ɗan yi rawa kamar faɗin tafin hannun yaro, domin zafin da ya riga ya shiga zai ƙarasa ta a waje. Ya fi daɗi bayan minti 20 da fitowa, yana da ɗumi amma ba ya ƙuna.

14 ga Yuli

Ceri ya fara ja da baya, wanda ake samu ya fara yin laushi. Na cire ƙwallon kilo biyu, na baza su a faranti ba tare da sun taɓa juna ba, na sa a firiza har suka daskare, sannan na ƙulla su a leda huɗu, kowace giram 450.

19 ga Yuli

Na gwada leda ɗaya daga cikin daskararrun don in san abin da na ajiye. Ƙanƙara tana farfasa tsokar ceri daga ciki, don haka da ya narke a rariya ruwan da ya fito ya kai kusan rabin kofi ba tare da na sa sukari ba, cerin kuma ya saki jiki. Na tsane shi da kyau, na mayar da sukari giram 25 ɗin cikin ƙullu, na ƙara minti huɗu a gashi. Ya kama, ɗanɗanon bai canja sosai ba, sai dai jan zoben ya dawo kuma babu wannan ɗan ƙarfin da sabon ceri ke yi a ƙarƙashin haƙori. Leda uku da suka rage za su yi, amma ba zan ba baƙo shi ba.

Mataki na gaba shi ne in riƙe wannan ƙullu yadda yake in sauya 'ya'yan itacen. Idan ba ceri aka sa ba, mutanen Limousin ba sa kiransa kilafuti, flaugnarde suke ce masa. Zan fara da fulom, ɗan itace mai ƙwallo ɗaya kamar ceri amma ya fi shi girma, a makon farko na Agusta, kuma tun da shi dole ne a tsaga shi gida biyu, zan jera shi yankakken ɓangaren yana kallon sama don ruwan ya ƙafe maimakon ya nutse cikin ƙullu, in kuma ƙara lokacin jiƙawa da sukari zuwa minti 45.